Kafin Ki Zube Kuɗin Adashinki A Shagon Waya

 

Tambayar da ta fi yawa a saƙonninku na 'yan kwanakin nan ita ce, "Anti, wace waya zan saya?" Wata ta kwashi adashi, wata maigida ne ya ce ta zaɓa, wata ɗanta ne zai aiko mata daga Legas, wata kuma tsohuwar ce ta gaji, sai an ɗaure bakin cajar da kyauro take ɗaukar wuta. Duk wadda ta yi mini wannan tambaya amsata ɗaya ce: faɗa mini aikin da za ki yi da ita tukuna. Waya kamar tukunya take. Mai dafa wa mutum uku da mai girkin gidan suna ba tukunya ɗaya suke nema a kasuwa ba.

Kuma abin ba na wasa ba ne. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin waya ya yi tashin gwauron zabi, sai mace ta yi wata shida tana zubi kafin ta mallaki matsakaiciya. Ga shi wayar ta zama jakar uwargida: asusun bankinki yana ciki, lambobin masu sayen kayanki suna ciki, guruf ɗin makarantar yara da hotunan suna da na biki duk suna ciki. Wahalar takardar kuɗi da aka sha a farkon 2023 ta koya wa ko da wadda ba ta so yin taransifa. In aka yi zaɓen tumun dare, shekara biyu ko uku za a yi ana cizon yatsa, domin ba kowace ce ke da halin sake wata ba.

Fara da takarda da biro

Kafin ki taka kasuwa, ki zauna ki rubuta abin da kika yi da wayarki jiya, daga asuba har kika kwanta. Abin da kika yi da gaske nake nufi, ban da wanda kike burin yi wata rana. Yawancinmu za mu tsinci kanmu a ɗaya daga cikin rukuni huɗu.

Akwai mai sana'ar gida: atamfa da leshi, turaren wuta da humra, cincin da dubulan, kayan kicin. Ita sitatus ne shagonta. Tana buƙatar kyamarar da ke fitar da launin kaya yadda yake, da wurin ajiya mai faɗi, da gurbin layi biyu don ta raba na ciniki da na dangi.

Akwai ma'aikaciya, malamar makaranta ko malamar asibiti ko mai ƙaro karatu. Takardu take buɗewa, tana shiga taro ta intanet, tana fita daga wannan manhaja ta faɗa waccan. Abin da zai ɓata mata rai shi ne wayar da ke tsayawa tana tunani. Ƙarfin aiki za ta sa a gaba, da fuska mai faɗi wadda ba za ta gajiyar da ido ba.

Akwai uwar yara wadda wayarta ta gida ce baki ɗaya. Babba zai yi aikin makaranta, mai bi masa zai kalli katun, auta kuma ya tura ta a baki. Wannan wayar sai ta faɗi ƙasa, in ba yau ba gobe. Tambayar farko da za ta yi wa mai shago ita ce kuɗin canjin gilashi.

Akwai kuma Hajiya babba, kakar yara. Kira take yi, da saƙon murya, da ganin jikoki ta bidiyo, da sauraren rediyo. Ita lasifika mai ƙara take so, da rubutun da za a iya girmama mata, da batir mai daɗewa. Yawancin wayoyin Tecno da itel suna da rediyon FM wanda ba ya cin data, iPhone kuwa ba ta da shi. Wanda ya saya wa tsohuwa waya mai tsada da sunan girmamawa, alhali ba za ta kama tashar da ta saba ji da safe ba, bai taimake ta ba.

Da zarar kin san rukuninki, rabin zaɓen ya ƙare, kuma daɗin bakin mai shago ba zai ɗauke ki ba.

Lambobi biyu da ke jikin kwali

A jikin kowane kwalin waya za ki ga lambobi biyu, misali 4GB da 64GB, ko 8GB da 128GB. Ƙaramar ita ake kira RAM, babbar kuma memori. Ki ɗauki RAM kamar teburin kicin, memori kuma kamar sito. Sito shi ke riƙe kayan. Teburi shi ke nuna yawan aikin da za ki iya bajewa lokaci ɗaya. In teburin ƙarami ne, dole ki kwashe albasa kafin ki ɗora nama. Haka waya take yi: ki bar manhajar banki ki je WhatsApp ɗauko lambar asusu, ki dawo ki tarar ta rufe, sai kin fara daga farko.

RAM 2GB ko 3GB ta ishi Hajiya babba, kuma irin waɗannan wayoyi galibi da sassauƙar Android suke zuwa, wadda ake kira Android Go. Uwar yara kada ta sauka ƙasa da 4GB. Mai sana'a da ma'aikaciya su nemi 6GB ko 8GB in aljihu ya ba da dama.

A nan akwai dabarar talla da ya kamata ki sani. Za ki ga an rubuta 8GB da manyan baƙaƙe, a gefe kuma da ƙananan rubutu an sa 4+4. Ma'anarsa RAM ɗin gaskiya 4GB ce, ɗaya huɗun kuma aro aka yi daga sito, kuma ba ta da saurin ta asali. Ki tambayi mai shago kai tsaye, "Malam, nawa ce ta gaskiya ban da ƙarin?" Da ita za ki yi ciniki.

Memori ma ba duk abin da aka rubuta ne naki ba. Wayar kanta tana cinye abin da ya kai 10GB ko fiye tun tana cikin kwali. Ragowar kuma guruf ne ke cinyewa: na dangin maigida, na tsofaffin ɗalibai, na islamiyya, na unguwa, kowanne da bidiyon barka da Juma'a. Don haka 32GB ta yi kaɗan a yau, 64GB sai da gogewa a kai a kai, 128GB ce kwanciyar hankalin mai sana'a. Ki duba ko wayar tana da gurbin katin memori, domin iPhone ba ta da shi, wasu manyan wayoyin Android ma sun daina sawa. Sannan ki shiga setin na WhatsApp ki hana shi sauke bidiyo da kansa. Wannan kaɗai zai rage miki cikar waya da ƙarewar data.

Batir da halin wutarmu

A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, batir ya fi kyan baya muhimmanci. Ana auna girmansa da mAh, kuma 5,000mAh shi ne abin da yawancin wayoyin Android na yanzu ke zuwa da shi, wasu ma 6,000. Kada ki karɓi ƙasa da 5,000 a sabuwar Android sai da dalili.

Lamba ta biyu ita ce ƙarfin caji, wadda ake rubutawa da W. Cajar 10W tana ɗaukar kusan awa uku kafin ta cika babban batir, ta 33W kuwa ba ta cika kaiwa awa ɗaya da rabi ba. Wadda ake kawo wa wuta awa ɗaya a ɗauke, ko take jiran a tada janareta da magariba, ta san bambancin. Ki kuma tambaya ko akwai kan caja a cikin kwalin. Apple ya daina sawa tun daga iPhone 12 a 2020, wasu wayoyin Samsung ma igiya kawai suke zuwa da ita, sai ki sa kuɗin kan caja mai kyau a lissafinki. Ki zaɓi mai bakin Type-C, wanda ke shiga ta kowane gefe, domin shi ne ake samu a kowane gida yanzu.

Zafi shi ne babban makashin batir, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana haura digiri 40. Kada a bar waya a rana ko a cikin mota, kada a yi caji a ƙarƙashin filo, kada a miƙa wa yaro ita tana jone da wuta. Cajar bakin titi mai arha kan kashe batir, wani lokaci ta ƙona wayar. In kika ga bayan waya ya kumbura ko gilashin ya ɗago, batirin ne ya lalace. Ki daina cajin, ki kai a canza shi a ranar.

Kyamara: yawan idanu ba shi ne gani ba

Mai shago zai ce miki, "Hajiya, wannan kyamara huɗu gare ta, megafiksel 50." A wayoyi masu araha, ido ɗaya ne ke yin ainihin aikin, sauran taimako ne ɗan kaɗan, wani ma ado ne kawai. Ita kuma mai megafiksel 50, yawanci hoton kusan 12 take fitarwa sai in kin canza mata seti, sannan WhatsApp ya sake matse shi kafin ya isa ga mai saye. Lamba ba za ta gaya miki gaskiya ba, gwaji ne zai gaya miki.

Ki tafi da ƙyallen atamfa a jakarki, mai ja da shuɗi da ruwan ƙasa. Ki ɗauki hotonsa a cikin shagon, ki fita bakin ƙofa ki sake ɗauka, ki kwatanta da abin da idonki yake gani. In ja ya koma ruwan lemo, wannan wayar za ta haɗa ki faɗa da masu saye, kullum ana ce miki ba shi aka gani a sitatus ba. Ki ɗauki bayan hannunki ki ga yadda take fitar da fata. Kamfanin Tecno ya yi suna a Afirka ne da gyara kyamararsa don baƙar fata, amma wayoyi da yawa suna zuwa da setin da ke haska fuska da goge ta. Ki kashe shi in za ki ɗauki kayan sayarwa. Sannan ki sani, hasken hantsi a inuwar tsakar gida yana gyara hoto fiye da ƙarin dubban nairori a kan kyamara.

4G ko 5G?

MTN ya fara 5G a Najeriya a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023, amma har yanzu a wasu unguwannin manyan birane ne ake samun sa. In a ƙaramin gari kike, ko unguwarku ba ya kamawa, kada ki ƙara kuɗi saboda shi. 4G ta ishe ki bidiyo kol da taransifa da aikin makarantar yara. Abin da ba za ki yarda da shi ba shi ne wayar da ta tsaya a 3G, komai arharta. Ki kuma tuna a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Sayen waya rana ɗaya ne, ciyar da ita kuwa na kullum ne.

Wane kamfani?

Da yawa ba su san Tecno da Infinix da itel 'yan gida ɗaya ba ne. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ne ke yin su duka, kuma wurin gyaransu na hukuma ɗaya ne, Carlcare. itel ita ce mafi araha a cikinsu. Redmi ta kamfanin Xiaomi ce, shi ma na Sin, Samsung na Koriya ta Kudu, iPhone kuma ta Apple ce a Amurka. Kowanne yana da mai kyau da mai rauni, don haka sunan kamfani kaɗai bai isa hujja ba.

Tambayoyi biyu ne suka fi suna amfani. Ta farko, in ta lalace, akwai kayan gyaranta a garinku? Wayar da ɗan uwa ya zo da ita daga Dubai ko Saudiyya, wadda babu mai irinta a unguwa, ranar da gilashinta ya fashe sai ta yi wata uku a durowa. Kafin ki biya, ki leƙa wurin mai gyara ki tambayi kuɗin gilashinta. Fuskar da ake kira AMOLED ta fi haske da kyan launi, amma canjinta ya ninka na LCD, mai lanƙwasasshen gefe kuma ta fi su duka tsada. Uwar yara ƙanana ta tsaya a shimfiɗaɗɗiyar fuska.

Ta biyu, shekara nawa kamfanin zai ci gaba da sabunta ta? Waya tana tsufa ta ciki ko da jikinta na sheƙi. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayar da ba ta kai Android 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Manhajojin banki ma haka suke yi, suna barin tsofaffin wayoyi a baya. Samsung ya yi wa Galaxy A16 alƙawarin sabuntawa na shekara shida, ƙananan wayoyi masu araha da yawa kuwa a kan Android ɗin da suka zo da ita suke tsufa. Ki shiga setin, ki gangara wurin About phone, ki ga lambar Android ɗin. Wayar da ta yi shekara uku a kan kanta ba sabuwa ba ce ko da kwalinta a liƙe yake.

Maganar iPhone

Mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawa daga cikin masu neman iPhone ba aikinta suke so ba, ranar biki suke hange, a ajiye ta a kan cinya bayanta na kallon jama'a. iPhone waya ce mai kyau, kyamararta da bidiyonta ba a raina su, kuma tana daɗewa ana sabunta ta. Wadda take da hali, ko sana'arta ta ɗaukar bidiyo ce, Allah ya sanya alheri. Amma kuɗin da zai saya miki sabuwar Android mai garanti, tsohuwar iPhone zai ba ki wadda ta shekara biyar ko shida a hannun wasu, batirinta ya gaji, wataƙila ma an canza mata gilashi da na bogi. Da azahar caji ya ƙare, mai saye na kira ba ya samu. Faccalar da kike son ta gani ba ita za ta biya miki kuɗin gyara ba.

In duk da haka ita kike so, ki duba Battery Health a setin. Apple da kansa yana ɗaukar batirin da ya sauka ƙasa da kashi 80 a matsayin wanda ya kai canji. Ki tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud a gabanki, domin wadda ke kulle da asusun wani ba ta da maraba da dutsen guga.

Sabuwa ko ta hannu?

Ta hannu ba laifi ba ce, kuma a kasuwanni irin su Farm Centre da titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa. Sai dai akwai haɗarin da ya fi asarar kuɗi. Kowace waya tana da lamba 15 tata ta kanta, ana kiranta IMEI, kuma da ita jami'an tsaro ke bin sawun wayar sata. Duk mun san yadda ƙwacen waya ya addabi garuruwanmu, har da rasa rayuka. Wayar da aka ƙwace tana bin hannu uku ko huɗu kafin ta iso wurin uwargidar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, kuma a hannun wadda aka same ta ake fara tambaya. Karɓar kayan sata laifi ne a doka. Ko an sake ki daga baya, an riga an zo ƙofar gidan mijinki a gaban maƙwabta.

Don haka kada ki saya a hannun yaron da ya tare ki a hanya, ko wanda ya ce wai matsuwa ce ta sa zai sayar rabin kuɗi. Arha irin wannan ita ke sa masu ƙwacen ba sa dainawa. Ki saya a shago mai suna da adireshi. Ki danna *#06# a wurin kira, lambar IMEI za ta fito, ki gwada ta da wadda ke jikin kwali. Ki sa a rubuta miki ita a rasit tare da sunan shagon da kwanan wata, ki adana rasit ɗin inda kike ajiye takardun haihuwar yara. Ko sabuwa ce haka za ki yi, domin akwai masu gyara tsohuwa su mayar da ita kwali su liƙe. A buɗe kwalin a gabanki, a nuna miki takardar garanti.

Kafin ki bar shagon ki gwada komai: ki sa layinki a gurbi na ɗaya da na biyu, ki kira wani ki ji ko yana jin ki, ki yi saƙon murya, ki jona caji, ki buɗe farin shafi ki duba tabo a gilashi, ki taɓa kowane lungu na fuskar. In ta hannu ce ta Android, a goge ta a gabanki a sake kunnawa, ki ga ba ta nemi asusun Google na wani ba. Ki tafi da wanda ya san waya, ɗanki ko ƙaninki, amma ki riƙe takardarki a hannu. Shi wayar da za ta ɗauki wasan ƙwallo yake hange, ke kuwa kin san aikinki.

Biya kaɗan-kaɗan

Yanzu akwai kamfanonin da ke ba da waya a biya a hankali. Kafin ki sa hannu, ki haɗa jimilla. A matsayin misali, a ce wayar naira 140,000 ce hannu da hannu, aka ce ki ba da 40,000 yau, sannan 25,000 duk wata har wata shida. In kin haɗa, 190,000 kika biya, ƙarin 50,000 ke nan. Sannan yawancinsu suna kulle wayar daga nesa in wa'adi ya wuce ba a biya ba. Mai sana'ar da aka kulle wa waya, ta ina za ta samo kuɗin buɗewa? In akwai yadda za ki lallaɓa tsohuwar har kwasarki ta zo, ya fi miki sauƙi.

Kuma kada ki zube duk abin hannunki a kan wayar. Cikin kowace naira 100 ki ware 10 don rigar waya mai kauri, da sikirin gad, da caja in babu, da datar watan farko. Rigar da gilashin kariya a shagon za a sa su, tun kafin wayar ta shiga gida ta haɗu da auta.

Aikin ranar farko

Sayen bai ƙare ba sai kin kulle ƙofa. Yawanci yaron shago ne ke buɗe wa mata asusun Gmail, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, uwargida ta tafi. Ranar da wayar ta ɓata, lambobi da hotuna sun tafi ke nan. Ki buɗe da sunanki da lambarki, ki rubuta adireshin da kalmar sirrin a littafi, ki riƙa ajiye lambobin mutane a cikin asusun. Google yana ba da wurin ajiya 15GB kyauta, kuma duk wayar da kika koma za ki tarar da su.

Ki sa wa wayar makulli, na yatsa ko na lamba, ban da shekarar haihuwarki. Ki sa wa layin kansa lambar sirri, domin ɓarawo ba ya buƙatar buɗe wayarki, layin yake cirewa ya sa a wata ya nemi hanyar asusunki. Ki adana katin da layin ya zo a jiki, lambar PUK tana nan, ita ce ke buɗe shi in an yi kuskure sau uku. Ki tambayi bankinki lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ki rubuta ta a littafin. A WhatsApp ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, kuma duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lamba shida da aka turo miki, ko ya ce daga guruf ɗin islamiyya yake, ki kashe wayar.

In yara za su riƙa taɓawa, manhajar Family Link ta Google tana ba ki damar ƙayyade lokaci da abin da za su buɗe, amma babu manhajar da ta kai idon uwa. Tsohuwar wayar kuma, kafin ki ba ƙanwarki ko ki sayar, ki kwashe kayanki, ki cire asusunki, ki goge ta tas. Haka in za ki kai gyara, ki cire layi da katin memori. Hoton da kika ɗauka a ɗakinki ba ɗankwali, ba na idon kowa ba ne, kuma abin da ya fita intanet ba ya dawowa.

To 'yar uwa, ga abin da za ki riƙe a tafin hannu ranar kasuwa: aikinki, RAM ta gaskiya, memori, batir, kuɗin gilashi, da rasit mai lambar IMEI. In waɗannan shida sun cika, ko wane suna ne a bayan wayar, kin yi sayayya. Iya kuɗinki iya shagalinki, kuma wayar da ta wuni da caji ta kawo miki ciniki ta fi wadda ake tambayar ki kuɗinta a gidan biki.

Yanzu saura ku. Wace waya ce ta fi daɗewa a hannunki, kuma me ya kashe ta a ƙarshe? Masu sana'a, wacce ce ke fitar muku da launin atamfa daidai? Ku faɗa mana a ƙasa don wata ta amfana, amma kada kowa ta ajiye lambar wayarta a fili. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu tattauna shekarun da ya dace a mallaka wa yaro wayar kansa. Allah ya sa albarka a abin da za a saya, ya tsare mana shi daga hannun ɓarayi. A gaida yara.